Yaron da ya zama uba bai da shafi a littattafanmu

Wata Talata cikin sanyin Disamba na kai autata rigakafin sati goma a wani ƙaramin asibitin unguwa can wajen titin Bauchi. Wanda ya san Jos ya san irin sanyin safiyar nan da ko ruwan alwala sai ka yi shahada kafin ka taɓa. Mata ne reras a kan benci kowa da goyonta da katinta, ana ta hirar tsadar famfas, sai ga wani yaro ya shigo, wallahi in ya yi yawa shekara sha takwas, gemun ma bai gama yanke shawarar fitowa ba, ya ɗora rigar ƙwallo a kan suwaita, rungume da jaririya cikin wani tawul da ya ninka ta girma. Bai zauna cikinmu ba, ya raɓe a bakin ƙofa kamar wanda ya zo biyan bashi.

Nas ta ɗago ta ce, "Kai, ina mamanta?" Ya ce, "Ba ta nan, Anti." Ta ce ya sunan yarinyar, sai ya sunkuyar da kai ya miƙa mata kati kawai.

Kafin ya juya baya an gama yanke masa hukunci a kan bencin nan. Wata ta taɓe baki ta ce ai daga gani ka san abin da ya faru, wata ta ce yaran yanzu sai addu'a, ni kaina ba zan yi ƙarya ba, abin da ya fara zuwa raina kenan. Sai wata dattijuwa da ta rako jikanta ta ce mana, "Ku ji tsoron Allah 'yan nan, na san gidansu. Aurensu aka yi da goro da fatiha, yarinyar ta rasu kwana tara da haihuwa, jini ne ya ɓalle mata. Shi da kakarsa ke riƙon 'yar, keke yake ja." Benci ya yi tsit.

Tun daga ranar abin yake cina, kuma ta wani gefe da ban zata ba. Ni mayyar karatun littattafan Hausa ce tun ina aji biyu a sikandire, tun lokacin da ake haya a shago ana ɓoyewa cikin littafin lissafi, har zuwa yau da komai ya koma waya, ka tura ɗari biyar ko dubu a saka ka a guruf ɗin WhatsApp, ko ka bi a Wattpad, ko ka kunna a YouTube wani yana karanta maka kana wanke-wanke. Na zauna na yi ta laluben ƙwaƙwalwata ko na taɓa haɗuwa da yaron nan mai tawul a cikin duk abin da na karanta. Na haɗu da yarinyar da aka yi wa ciki ba adadi, an kore ta cikin ruwan sama, ta faɗa hannun wata Hajiya mai kirki ko wata muguwa. Na haɗu da matar uba mai gana wa maraya azaba har na haddace maganganunta. Shi kuwa yaron da ya yi cikin, hanya biyu kawai marubuta suka ba shi. Ko ya ce ba nasa ba ne ya ɓace a shafi na ashirin, ko ya ɓace ya dawo bayan shekara goma sha biyar cikin wata dalleliyar mota ya zama mai kamfani, bai ƙara haihuwa ba, yana kuka yana neman ɗansa. Shekarun nan goma sha biyar na tsakiya, inda ake wankin kashi da zaryar kemis da rashin barci, babu shi a ciki ko sau ɗaya.

Ra'ayina kenan a taƙaice, muna bukatar labarin yaron da ya tsaya, kuma a rubuta shi domin yara 'yan sha huɗu zuwa sha tara su karanta, musamman maza.

A Amurka da Ingila masu buga littafi suna da rukuni guda na littattafan matasa, ga yaran da suka wuce tatsuniya amma ba su kai manya ba, kusan daga shekara 12 zuwa 18, kuma cikin abin da suke rubutawa har da ɗan sikandiren da ya wayi gari da jariri a hannunsa. Mu ba mu da wannan rukunin sam. Yaro yana gama Gizo da Ƙoƙi sai littafin da aka ɗora masa don WAEC ko NECO, in ya tsallake wannan sai ya faɗa kai tsaye cikin labarin kishiyoyi da sirrin ɗaki wanda ba don shi aka rubuta ba. 'Yan mata ko ba komai suna karantawa haka nan. Maza kuwa sun ajiye karatun gaba ɗaya. Ƙanina yana ajin ƙarshe, in ka tambaye shi wa ya ci wa Arsenal ƙwallo shekara uku baya zai faɗa maka har minti, amma na taɓa miƙa masa littafi ya juya bangon ya ce, "Yaya wannan ai na mata ne." Kuma ban iya musa masa ba. A littattafan nan da aka laƙaba wa sunan Adabin Kasuwar Kano, yanzu mata ne suka fi riƙe alƙalamin kuma su suka fi saye, gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ma ta mata ce zalla, kuma ta yi amfani sosai don ta fito da hazikai da yawa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, sun rubuta nasu ciwon. Na yaron namiji ne har yanzu ba a samu mai zama ya rubuta ba.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa min. Da na kawo maganar a guruf ɗinmu wata baiwar Allah ta ce wannan ai buɗe ƙofar fitsara ne, a nuna wa yara cewa za ka iya yin ciki kuma ka zama jarumin littafi. Ban raina maganarta ba. Nan Jos ne, garin da aka kafa Izala a 1978, garin da hedikwatar cocin ECWA da ta cocin COCIN suke, ta kowane ɓangare ba a wasa da zancen tarbiyya. Kuma marubuta ba su manta an ƙona littattafan Hausa a Kano a 2007 da sunan gyaran tarbiyya ba, shi ya sa kowa ke taka-tsantsan. Amma dan Allah a duba abin da ke yawo a wayoyin yaranmu yanzu. Batsa tsirara ake sayarwa a wasu guruf ɗin, shafi bayan shafi, ba wanda ya tambayi shekarun mai saye, kuma a irin waɗannan labaran ne ake nuna daɗin abin ba tare da kuɗin sabulunsa ba. Labarin da nake nufi daga inda wancan ya tsaya yake farawa. Ka sa yaro ɗan sha shida ya bi wani sa'ansa shafi ɗari, ƙarfe biyun dare jaririya na tsala ihu ciki na murɗa mata, gwangwanin madara ya kai ƙasa yana kankare shi da cokali, gobe da asuba mai keke na jiran balas ɗinsa, abokai sun wuce gidan kallon ƙwallo sun daina ma biyo masa, fom ɗin JAMB ya zo ya wuce. Ina ganin wannan zai sa shi tunani fiye da bulala goma. Wa'azi yana ce masa kar ka yi, labari kuma yana ɗora masa kayan a ka na ɗan lokaci ya ji nauyin da wuyansa.

Sannan ba kowane yaro uba ne ya bi ta bayan gida ba, kamar yadda dattijuwar nan ta koya mana. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa (NDHS) na 2018 ya nuna kashi 19 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a Najeriya sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. Gaskiya ne yawancin mazajensu manya ne da suka girme su nesa, amma akwai ragowar, yaran da aka yi wa auren gata ko auren zumunci suna sha bakwai sha takwas, musamman a ƙauyuka da rugage. Kuma ƙasarmu tana cikin waɗanda mata suka fi mutuwa wajen haihuwa a duniya, ƙananan 'yan mata sun fi shiga haɗarin. Wanda ya taɓa leƙa sashen masu yoyon fitsari a asibitin Jankwano da ke nan Jos ya ga shekarun wasu daga cikin matan da ke kwance ba sai an yi masa dogon bayani ba. In yarinya ta rasu ko ta kwanta jinyar wata da watanni, akwai wani a gefe da ake ce wa mijinta, wani lokacin shi ma dokar kare haƙƙin yara ta 2003 yaro take kiransa tunda bai kai 18 ba. Yaro riƙe da yaro kenan.

Inda nake so marubutanmu su natsu shi ne kar a kwaso labarin Turawa a sa masa hula. Can za ka ga yaron shi kaɗai a ɗaki da jariri, ma'aikaciyar gwamnati na zuwa duba shi. Nan ba haka abin yake ba. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, riƙon yaro na uwa ne, in babu ita sai kaka ta wajen uwa, sai 'yar'uwar uwa, uba yana can baya a layi, abin da ke wuyansa tun ranar farko shi ne ci da sha da sutura da magani. A al'ada ma haka, jariri bai cika rasa hannun mace ba, ga kaka, ga gwaggo, ga inna, ga maƙwabciya mai shayarwa. To matsalar yaronmu ba kaɗaici ba ce irin ta can. Matsalarsa ita ce kowa na son ya sauke masa kayan, kuma in aka sauke an sauke har da uban. Mahaifiyarsa za ta karɓi 'yar ta haɗa da nata ƙananan, a ce kai je ka nemi kuɗi, yarinya ta tashi tana kiran kakarta Mama tana kiran ubanta Yaya, wani gidan sai ta kusa aure ake zaunar da ita a faɗa mata. Na san gida biyu da aka yi haka a unguwarmu. Ka duba irin labarin da ke kwance a nan ba wanda ya taɓa. Yaron da ke zaune tsakar gida yana kallon 'yarsa ta faɗi ta fasa baki ta ruga wajen wani tana kiran Baba, shi kuma ba dama ya ce komai.

Ga kuma kunyar ɗan fari. Duk ɗan da yaro ɗan sha bakwai ya haifa ai ɗan fari ne, wanda al'ada ta ce ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa gaban manya, ba ka nuna ka damu da shi. Abin da ya hana yaron nan faɗa wa nas sunan 'yarsa kenan, ba wai ya manta ba. To yaya mutum zai yi kunyar wanda shi ne ke canza masa famfas? Wannan tambayar kaɗai ta isa babi uku. Harshenmu ma bai tanadar masa suna ba. Muna da gwauro, muna da tuzuru, muna da bazawari, kuma duk da zolaya ake faɗarsu, har tashe ake yi wa gwauro da azumi a Kano. Namijin da aka gani yana wankin kayan jariri a bakin famfo kuwa kun san sunayen da ake jifansa da su, ba sai na rubuta ba. Abin mamaki kuma mu ne muke karanta hadisin da Manzon Allah (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta in ya miƙe ya ɗauke ta, da wanda Aƙra'u ɗan Habis ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka ba shi amsar cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Muna karantawa a Islamiyya mu fito mu yi wa mai goyo dariya.

Ɗaya labarin, mai wuyar, shi ne na cikin da aka yi ba aure. Ni ba malama ba ce kuma littafin labari ba wajen fatawa ba ne. Abin da na sani shi ne mafi yawan malamai, har da namu na Malikiyya, suna jingina ɗan ga uwarsa, ba gado tsakaninsa da wanda ya yi cikin, sai wasu kamar Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim da suka ga cewa in matar ba ta da miji kuma namijin ya amsa nasa ne ana iya jingina masa. Wannan a bar wa masu shi. Amma babu malamin da ya ce a jefa jariri a kwata ko a bola, kuma duk muna jin labarin ana tsinta. Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Yadda muke yi yanzu, yarinya ita ke ɗaukar cikin da korar makaranta da sunan da zai bi ta har kabari, jariri ya ɗauki kalmar nan mai harafi biyar da yara za su riƙa jifansa da ita a layi, shi kuwa gogan a tura shi Abuja ko Legas wajen kawunsa har ƙura ta lafa, ya dawo ya auri budurwa da lefe akwati shida. Iyayensa da kansu ke koya masa ya rantse. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan harkar an daɗe da saya masa lema. Yaron da ya tsinci kansa a nan bai taɓa ganin misalin wani da ya ce ni ne, na yi laifi, na tuba, kuma ba zan bar yarinyar nan da abin da ke cikinta su kaɗai ba. Ba a fim ba, ba a littafi ba, ba a majalisar unguwa ba. Hanyar gudu kaɗai aka share masa, me zai hana shi bi?

Sai dai ina da sharaɗi ga duk wanda zai rubuta, don na san halinmu. Kar a mai da shi waliyyi. Abin da zai yi na wata shida ana tafa masa, 'yan mata dubbai na yin sa kullum ba mai ce musu sannu, har ni a kan bencin nan da na ji labarinsa tausayinsa ya kama ni fiye da na yarinya 'yar sha shida da ke gefena da nata goyon, daga baya na ji kunyar kaina. A bar shi ya gaji, ya yi tsaki, ya daka wa jaririya tsawa ya dawo yana nadama, wata rana ya tsaya a tasha da jakarsa yana tunanin shiga mota. Kuma kar a ɓata uwar don a gyara shi, wato a ce ta gudu ta bi mai kuɗi ta yar da ɗa, wannan arhar rubutu ce. In ta rasu a ba ta rai kafin ta rasu, mu san me take so, me ke ba ta dariya. In tana raye a bar ta da nata dalilin. Sannan dan girman Allah kar a kawo wani Alhaji a babi na ƙarshe ya ba shi kujerar manaja. Yaron da ke jan keke daga Terminus zuwa Farar Gada, ko yake dakon tumatir, ko yake koyon gyaran waya a Dilimi, lissafinsa na yau ne, nawa ya samu, nawa na mai keke, nawa na mai, nawa ya rage na madara. Gwamnatin tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikatanta maza in matansu sun haihu tun 2021, abu mai kyau, amma wanda in bai fita yau ba ba a ɗora tukunya, labarin wannan hutun a rediyo kawai zai ji shi.

Kuma a rubuta shi gajere, da irin Hausar da yaran ke yi, ba Hausar jarrabawa ba. In an saka shi a murya ma ya fi, don wanda ya ce littafi na mata ne zai iya toshe kunne da iyafis yana jiran fasinja ba wanda ya san me yake ji. Malaman Hausa a sikandire su ma suna da rawar takawa, awa ɗaya a sati a karanta babi a bar yara su yi musu a kai, maza da mata, ka ji abin da zai fito daga bakinsu.

Ranakun allurarmu ɗaya da 'yarsa, don haka na sake ganinsa a sati goma sha huɗu. Wannan karon ya zauna a ƙarshen benci, ya san yadda ake riƙe cinya kar ta motsa, har yana tambayar nas ko in jikin ya yi zafi da dare zai iya ƙara ba ta maganin kafin asuba. Da muka koma ta wata tara, ta ƙyanda, ban gan shi ba. Wata tsohuwa ce ta zo da yarinyar a baya, ta yi ɓul-ɓul har da ɗan kunne. Na matsa na gaishe ta na ce, "Inna, ina babanta?" Ta ce mai keken ya karɓe abinsa, ya bi wasu 'yan unguwa Abuja aikin gini, duk ƙarshen sati yana aiko da abin da ya samu. Sai ta kwance bakin zaninta ta ciro wata 'yar ƙaramar waya da aka ɗaure da kyauro ta miƙo min, ta ce, "Yarinya duba min lambarsa, ya ce in za a yi allurar a kira shi, yana so ya ji kukanta."